Takobin da Ba a Zana Masa Nauyi Ba

Ina da shekara goma a duniya ranar da na kai wa Baffa takardar. Fallen littafin lissafi ne da na yago daga tsakiya, na kwana biyu ina zana takobi a kansa da biro shuɗi da ja. Na same shi a maƙera bayan la'asar, yana zaune a kan buzunsa, ƙafa ɗaya a miƙe, wani almajiri yana masa zuga. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar da hannu biyu, na ce ina so ya ƙera mini irin wannan. Ya ajiye awartaki, ya goge hannu a gefen riga, ya karɓa. Ya daɗe yana dubawa, har na fara murna a zuci. Can sai ya juya takardar ya dubi bayanta, inda babu komai sai lissafin rabawa da malam ya soke da jan biro.

"Ina bayansa?" in ji shi.

Ban gane tambayar ba. Ya ce wanda ya fara zana wannan abu bai taɓa ɗaukar takobi ba. In aka yi shi da ƙarfe a wannan faɗi, ƙato ma sai ya sa hannu biyu, kuma waɗannan ƙahoni da ke gindinsa mai shi za su fara yi wa rauni kafin abokin gaba. "Wannan hoton takobi ne, ɗan nan." Ya miƙo mini takardata, ya ɗauki masaba. Mutanen da ke jiran lauje da fartanya suka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, amma yaro ba ya bambance dariya. Na fito ina haɗiye kuka, na ɗauki irin alkawarin da yara kan ɗauka su manta kafin sallar isha'i. Ni dai ban manta ba.

Takobin na wani katun ne na Amurka mai suna ThunderCats, wanda aka fara nunawa a 1985. Kamfanin Rankin/Bass ne ya shirya shi, aka zana shi a Japan, ya kai kashi 130. Mu a gidanmu da ke cikin birnin Kano sai a 2009 ya iso mana, a kan wani faifan DVD da Yaya ya sayo a kasuwa, irin wanda ake cusa wa finafinai ashirin har hoton ya dushe. Labarin wasu halittu ne masu kamannin mutum da na kyanwa, waɗanda duniyarsu, Thundera, ta tarwatse, suka yi gudun hijira zuwa wata duniya. Shugabansu Lion-O yana riƙe da takobin gado mai jan ido a gindinsa. In babu faɗa takobin guntu ne kamar wuƙa. In faɗa ya tashi sai ya ɗaga shi ya yi kira, takobin ya riƙa tsawo da kowane kira, idon ya buɗe ya haska tambarin kan kyanwa a sararin sama. Wani lokaci kuma ya kan kai gindin takobin fuskarsa, ƙahonin su nannaɗe su zama kamar tabarau, ya hango abin da ke faruwa a nesa. Ba mu jin Turancinsu sosai a lokacin, amma wannan ba ya bukatar tafinta.

Akwai wani abu game da Lion-O da sai da na girma na lura da shi. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka sa shi barci a cikin jirgin hijira, ya farka da jikin babban mutum alhali hankalinsa na yaro ne. Ranar da na dawo gida daga hidimar ƙasa a 2023, da digirin injiniyan kanikanci a cikin jaka, babu aiki, babu ko alamarsa, kowa a unguwa yana kirana Injiniya, na tuna da shi fiye da yadda ya kamata mai shekara ashirin da huɗu ya tuna da katun.

Mu maƙera ne, maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe. Kakanmu ya ƙera takubban da aka rataya a hawan sallah, kuma a gidanmu in ana labarin Bayajida ba a faɗa wa yaro sunan rijiyar Kusugu kafin a faɗa masa cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wuƙar da aka kashe macijiyar da ita. Mahaifina shi ne ya fara barin sana'ar. Ya yi boko, ya zama akawu, ya kuma rantse cewa ɗansa ba zai girma da tabon tartsatsi a hannu ba. An yarda mu je maƙera mu gaishe da yayansa, Baffa, amma ba a yarda mu taɓa masaba ba. Allah ya yi masa rasuwa ina aji biyu a jami'a. 'Ya'yan Baffa kuwa, ba tare da rantsuwar kowa ba, suka watse da kansu: ɗaya yana tuƙa Adaidaita Sahu, ɗaya yana sayar da wayoyi a Farm Centre. Uwar maƙerar da kakanmu ya bari ta rage tana sauraron hannu ɗaya tak.

A Ibadan, inda na yi hidima, na fara ganin firintar 3D tana aiki. Na tsaya kusan awa guda ina kallo kamar baƙauye. Aikinta irin na zanzaro ne: yadda yake ɗauko laka kaɗan-kaɗan yana ɗora ta hawa bisa hawa har ɗakinsa ya tashi, haka na'urar take jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, ta fitar da shi ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0.4, tana shimfiɗawa layi bisa layi. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi rajistar mallakar wannan dabara a 1989. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap domin kowa ya iya haɗa irin na'urar a ɗakinsa, kuma da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai farashi ya faɗo ƙasa. Wato a shekarar da Baffa ya mayar mini da takardata, a shekarar ce aka buɗe ƙofar da zan bi in ba shi amsa. Haka na fassara abin a raina, kuma da wannan fassara na riƙa tsakurar wani abu daga alawin naira 33,000 da ake ba mu duk wata, har na sayi wata ƙaramar na'ura ta hannu daga wani ɗalibi mai barin gari.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Na gaya wa Inna cewa jari ne, zan riƙa buga ƙananan kayan gyara ina sayarwa, kuma na yi hakan jefi-jefi. Amma a shekarar da aka janye tallafin mai, kwanon shinkafa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, abin da na fi ba wa dare da rana shi ne takobin katun. Har yau ba ni da cikakkiyar hujjar da zan kare wannan da ita.

Matsala ta farko ita ce girma. Na ce zan yi shi a cikakken girmansa, to, mene ne cikakken girman takobin da ke tsawo yana gajarta? Na zaɓi mafi tsawonsa. Na tara hotuna arba'in daga kashi daban-daban, ina tsayar da fim ina ɗora rula a fuskar kwamfuta, ina gwada tsawon takobin da tsawon mai riƙe da shi. A wani hoton bai wuce rabin tsayin Lion-O ba, a wani kuma ya kusa kai masa kafaɗa. Ƙahonin a nan siriri ne, a can kamar na bijimin sa. Da farko na ji haushi, daga baya na gane dalili. Da hannu aka zana waɗannan hotuna, ɗaya bayan ɗaya, hannuwa masu yawa a ƙarƙashin matsin lokaci, kuma kowane mai zane yana ba takobin girman da wannan fage ke bukata. In ana so yaro ya ji tsoro sai ya yi tsawo, in ana so a ga fuskar jarumi sai ya matsa ya ba ta wuri. Takobin ba shi da awo, yana da aiki ne kawai. A ƙarshe na bar allon na koma ga abin da ba ya sauyawa, wato tafin hannuna. Na auna mariƙin da zai cika hannu ya bar ɗan sarari, na gina sauran a kansa: ruwan takobi santimita 88, mariƙi da abin da ke tare da shi santimita 24.

Na buɗe Blender, manhajar zanen siffa da ake samu kyauta, na shimfiɗa hoton a bango na bi gefensa da layi. Cikin kwana biyu na sami abin da ya yi kama da takobin sak, muddin daga gaba kake kallo. Da na juya shi gefe sai ya ɓace, ya zama siririn layi kamar gashi. A nan, ni kaɗai cikin dare, tambayar shekara goma sha huɗu ta dawo mini da muryar mai ita. Manhaja ba ta san "kamar haka" ba. Lamba take nema. Kaurin ruwan nawa ne a gindi, nawa ne a tsini? Yaya ƙahonin suka kama jiki? Ramin da idon zai zauna, zurfinsa nawa? Mai zanen katun yana da 'yancin tsallake duk waɗannan, domin takobinsa ba zai taɓa faɗuwa ƙasa ba sai labari ya so. Ni kuwa dole in amsa kowace ɗaya, kuma na amsa su da gaggawar mai son ya ga ƙarshe. Na ba ruwan kaurin santimita biyu tun daga gindi har kusa da tsini, na ce ai roba ce, gara ta yi kauri.

Na'urata ba ta iya buga abin da ya wuce santimita 22 a faɗi da 25 a tsayi, saboda haka na yanka takobin gida tara: ruwa huɗu, ƙahoni biyu, mariƙi, dunƙulen ƙarshe, da ido. Na tsayar da kowane yanki na ruwan a tsaye, domin a haka ya fi fita sumul. Kowane layi kaurinsa milimita 0.2, wato layi 1,100 kafin yanki ɗaya ya kammala, kimanin awa goma sha ɗaya. Ciki ba a cike yake ba, saƙa ce irin ta zuma, don a rage cin zare.

Awa goma sha ɗaya na wuta ba tare da ƙiftawa ba, a unguwarmu, addu'a ce ba tsari ba. Yankin farko ya kai layi na ɗari takwas aka ɗauke wuta, bakin na'urar ya sandare a kan aikin ya bar masa ƙulli. Na biyu bai kai rabi ba. Sai na ɗauki na'urar a kai zuwa shagon wani abokina mai cajin waya da hasken rana, muka yi ciniki zan riƙa biyansa kuɗin cajin waya goma a kowace rana. Nan ta zauna mako biyu a tsakanin wayoyin mutane tana ƙugi, yara suna taruwa suna leƙe, wasu suna cewa injin taliya ne.

Ranar da na haɗa shi, na sa turaku na roba a tsakanin yankunan, na shafa gam mai haɗi biyu, na bar shi ya kwana. Da safe na fito da shi tsakar gida. Fari ne fat, ba fenti, amma shi ne. Inna tana bakin murhu, 'ya'yan Yaya uku sun jeru a kan tabarma. Na ɗaga shi sama yadda na gani sau ɗari a allo, na kawo sara ɗaya a iska. Sai na ji ƙas, hannuna ya yi sakayau, ruwan takobin ya tashi ya faɗa bayan akurkin kaji. Yaran suka yi tsit, sannan ƙaramar ta tambaya ko haka ake yi a fim ɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a wurin gam ya karye ba. Ya rabu ne kamar taƙi ɗaya sama da ƙahonin, a tsakiyar yanki, rabuwa mai santsi kamar an sa reza. Zaren da ya rage mini bai kai rabin ƙulli ba, kuma ƙulli ɗaya mai nauyin kilo guda ya kusa cinye rabin abin da nake karɓa a wata lokacin hidima, wadda ta riga ta ƙare. Inna ba ta ce komai ba sai da dare, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba: "Kana da mai takobi a gidanku, kana ta fama da kwamfuta." Na yi mako guda ina kewaya maganar. Ba neman taimakon ne ya yi mini nauyi ba. Na so ne in je wurinsa da takobi a kafaɗa, ga shi zan je da gutsattsari a buhu.

Maƙerar ta tsufa tare da mai ita. Babu almajiri, babu zugazugin fata. An kafa wilin keke da ke juya wata 'yar fanka, shi yake murzawa da hannun hagu yana aiki da na dama. Idanunsa sun yi yana, sai da na yi magana ya gane ni.

"Injiniya ne? Me ka kawo mana a buhu, ko tsaraba ce?"

Na zazzage a gabansa. Bai kai ko ɗaya kusa da ido ba. Ya ɗauki karyayyen yankin ya bi shi da farcen babban yatsa, daga sama zuwa ƙasa, ina jin ƙarar farcen yana tsallake layukan. Ya shafa bakin karayar. Ya tambaye ni yadda abin yake fitowa, na yi masa bayanin zanzaro. Ya ce, "A tsaye ka gina shi?" Na ce a tsaye. Ya gyaɗa kai.

"To ai rake ka yi. Gaɓa a kan gaɓa. Wa ya taɓa karya rake a tsawonsa? A gaɓa ake karya shi, kai kuwa ka yi masa gaɓa dubu."

Na ce, "Baffa, ai kun fi gaskiya fiye da yadda kuke zato," na gaya masa cewa irin wannan roba, PLA, daga sitacin masara ko ruwan rake ake samo ta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan karon na bambance dariyar.

Abin da ya faɗa cikin numfashi ɗaya shi ne abin da littattafan wannan fasaha ke faɗa cikin babi guda: abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin layi da layi, domin kowane layi yana sauka ne a kan wanda ya riga ya fara hucewa, mannewa suke yi ba narkewa cikin juna ba. Na san wannan. Na karanta shi. Na tsayar da yankunan a tsaye duk da haka, saboda kyan fuska.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na ɗaure gutsattsarin da zare a jikin siririn kara har suka koma siffar takobi, ya ɗora a kan yatsa ɗaya yana matsawa har ya tsaya bai rinjaya ba. Wurin ya faɗo can kusa da tsakiyar ruwa. Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Takobin kakanmu ne, da kubensa na jar fata da hamilarsa da ta koɗe. Ban taɓa sanin yana nan ba. Ya zare shi ya ɗora a yatsa, ya tsaya cak, yatsu huɗu daga mariƙi. Ya ce in rufe ido in bi kaurinsa da yatsu biyu. A gindi ya cika tsakanin yatsuna, yana tafiya yana ramewa a hankali, yadda ido ba zai gani ba sai hannu, har ya zama kamar ganye a tsini.

"Takobi daga gindi yake cin abinci," in ji shi. "In ka ciyar da bakinsa daidai da gindinsa, shi zai riƙa jan ka, ba kai za ka ja shi ba."

A aji biyu na jami'a an koya mana cibiyar nauyi, an koya mana yadda ƙarfin lanƙwasa yake taruwa a gindin sandar da aka kafe ta gefe ɗaya. Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Da na zauna zana takobina, ko sau ɗaya wannan ilimi bai ɗaga kai ya dube ni ba, domin a raina katun nake yi, kuma katun ba ya cikin manhajar karatu. Baffa bai san sunan ko ɗaya daga cikin dokokin ba, amma bai taɓa ƙera abin da ya saɓa musu ba. Ba ina nufin jami'a ta cuce ni ba ne. Ita ta ba ni harshen da na fahimci abin da yatsunsa ke faɗa. Sai dai ilimin nawa yana ajiye ne a kan takarda mai fuska ɗaya.

Shi ya kawo shawarar a yi masa ƙashi. Ya zaro wani guntun sifirin mota daga tarin ƙarafa, ya ce gobe in zo da sassafe. Da na zo sai ya nuna mini wilin keken da haɓa. Na tsaya. Rantsuwar mahaifina ta tsaya tare da ni, kuma na san Baffa ya san abin da nake tunani, domin a gabansa aka yi ta. Bai lallashe ni ba, bai kuma janye ba. Ya ce, "Ubanka masaba ya hana ka. Wannan keke ne." Na zauna na murza. Gawayi ya yi ja, ƙarfe ya yi ja, ya koma ruwan ɗorawa, ya ciro shi ya ɗora a uwar maƙera. Kwana uku muna wannan aiki, mutumin da ba ya gane fuskata daga taku biyar yana sauke masaba a daidai inda ya sauke ta ɗazu, yana jan ƙarfen yana tsawo yana ramewa. A rana ta biyu tartsatsi ya sauka a bayan hannuna na dama. Tabon yana nan, bai kai ƙwayar gero biyu ba.

A ranar ce kuma na manta ɗaya daga cikin ƙahonin a kan dutse kusa da wuta. Wannan roba tana fara laushi tun daga wajen digiri 60, kafin mu ankara ƙahon ya sunkuya kamar kunnen akuya. Baffa ya ɗaga shi da awartaki ya ce bai taɓa ganin takobin da ke tsoron maƙera ba.

Da ƙashin ya kammala, tsawonsa mita ɗaya da 'yan kai, sai aikin ya juya. Da can na so ƙarfe ya bi zanena. Yanzu zane ne zai bi ƙarfe. Na auna kaurinsa da faɗinsa a kowane santimita biyar, na shigar da lambobin cikin kwamfuta, na huda rami a cikin takobin daidai da abin da masaba ta bari, har da 'yar karkatar da ke kusa da tsini. Na rame ruwan daga gindi zuwa baki. Sannan na tsaga kowane yanki biyu a tsawonsa, domin in kwantar da shi a karkace a kan farantin na'ura, layukan su bi tsawon takobi maimakon su gitta shi, ɓangarorin biyu kuma su rufe ƙarfen a tsakiya kamar kube. Yaya ya ranta mini kuɗin ƙulli ɗaya, bai tambayi ranar biya ba. Da yankunan suka fito na jera su a tabarma ina rubuta musu suna da fensir don kada su rikice, huɗu na rubuta musu "gaba", huɗu na rubuta musu "baya". Sai da na rubuta na huɗun na ga abin da na rubuta.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Na cike layukan da hodar da masu gyaran jikin mota ke shafawa, na goge da samfefa, na sake shafawa, na sake gogewa, har yatsuna suka daina buɗe waya. Fentin farko hazon hunturu ya sauka a kansa yana ɗanye ya mai da shi kamar bangon ƙasa, sai na kankare na sake fesawa a cikin ɗaki bayan na yayyafa ruwa a daɓe. Idon kuwa daga jar danjar wata tsohuwar mota na yanko shi, na zana baƙin tsagin a ciki, na ɓoye ɗan ƙwan fitila da batir a bayansa. A cikin dunƙulen ƙarshe na binne wani curin ƙarfe da Baffa ya ba ni. Inna ta ce ita ba za ta kwana gida ɗaya da abin da ke kallonta ba, ta yafa masa ɗankwali.

Ranar da zan kai masa, na naɗe shi a zane na fito bayan magariba, tsinin yana leƙowa. Ban yi nisa ba 'yan sintirin wata unguwa suka tare ni, kuma ban ga laifinsu ba: saurayi da doguwar aba mai ƙyalli a lungu da dare, a garin da ya san 'yan daba, ba abin a wuce ba ne. Na kwance zanen hannuna yana rawa. Babbansu ya haska tocila, ya gwada kaifin a tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa ya ji amon roba. Na danna maɓalli idon ya kama. Ya ja da baya taku ɗaya yana salati, sannan ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya ce a ɗauke shi hoto.

Na tarar da Baffa ya idar da sallah yana zaune a ƙofar maƙera. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ta mariƙi, ya jinjina. Ya ɗora a yatsa; ya tsaya yatsu huɗu daga ƙahonin, ko biyar in za a yi gaskiya. Ya bi ruwan da yatsu biyu tun daga gindi har tsini, ya juya shi ya bi ɗaya fuskar. Ya miƙe, ya kawo sara a hankali, ya mayar, ya sake kawowa da ɗan ƙarfi. Ƙahon ya taɓa masa wuyan hannu, ya yi tsaki, ya ce ai ya faɗa tun ina yaro.

"Ba ya yanka," in ji shi.

"Ba ya yanka, Baffa."

"Amma yana zama a hannu."

Ya jingine shi a bango kusa da masabarsa. Ya laluba aljihun gaba ya fito da wani abu a ƙulle cikin tsumma. Guntun adon tagulla ne na gindin takobi, irin na mahaya, gefe ɗaya ya ɓalle. Ya ce na wani amininsa ne maƙerin fari, wanda aka ba aikin guda goma sha biyu kafin hawan sallah, kuma samfurin da yake dannawa a yashi ya zuba narkakkiyar tagulla shi ne wannan da ya karye. Mai sassaƙa masa irinsa ya rasu bara.

"Zanzaron naka zai iya fitar da irin wannan, da gefen da ya ɓata?"

Na ce zai iya, amma sai na auna. Ya ce to me nake jira. Hasken ya yi ƙaranci a ƙofar, sai na jawo takobin na danna maɓallin, na tsuguna a gaban jan idon da ma'aunina, shi kuma yana riƙe da guntun tagullar yana juya mini shi gaba da baya.